Fitar da Sautin Oberheim na Waƙar "Jump" a Kan Wani Fiyano Dabam: Tambayoyi da Amsoshi

Duk mai danna fiyano da ya taɓa jin farkon waƙar "Jump" ta Van Halen, ƙungiyar kiɗan rok ta Amurka, ya san sautin nan mai kauri da haske, wanda ke cika kunne kamar an jera masu busa ƙaho. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda makaɗa suka fi yi idan suna neman wannan sauti a fiyanon da ke gabansu. Mun bar sunayen maɓallai yadda kamfanoni ke rubuta su a jikin na'ura, tunda da su za ka nema. Lambobin da muka bayar mafari ne kawai, domin hamsin a wannan na'ura ba ita ce hamsin a waccan ba.

Da wace na'ura aka yi sautin tun asali?

Eddie Van Halen ne ya kaɗa shi da kansa a kan Oberheim OB-Xa, sintisaiza ƙirar Amurka daga kamfanin Tom Oberheim. Waƙar ta fito a watan Disamba na 1983, ta shiga kundin da aka sa wa suna 1984, ta kuma hau matsayi na ɗaya a jadawalin Billboard na Amurka. OB-Xa ta gaji OB-X ta 1979, ita kuma OB-8 ta gaje ta a 1983.

Na'urar analog ce, wato lantarki ne ke haifar da sautin nan take a cikinta, ba naɗaɗɗen sauti ake kunnawa ba. Maɓallanta 61, kuma ana sayar da ita da murya huɗu, shida ko takwas. Kowace murya tana da osileta biyu masu samar da ɗanyen sauti, da filta ɗaya mai tace shi, da ambulan biyu masu tsara yadda noti ke tashi da faɗuwa, duka a kan ƙananan sassan lantarki na kamfanin Curtis.

Abubuwan da ba ta da su sun fi muhimmanci ga mai kwaikwayo. Maɓallanta ba sa jin ƙarfin yatsa: ka danna a hankali ko da ƙarfi, ƙara ɗaya ce. Babu koras (mai ruɓanya sauti ya yi faɗi), babu eko a cikinta. Kuma ta riga MIDI, tsarin da na'urorin kiɗa ke aika wa juna umarni, zuwa duniya. Duk abin da ka ji na faɗin ɗaki a faifan, a situdiyo aka ƙara shi.

To me ke cikin sautin? Ai kamar yana da sarƙaƙiya.

Ba shi da ita, kuma a nan yawancin mutane ke ɓata. Igiyar sauti biyu ce masu siffar haƙorin zarto, wadda ake rubuta wa Saw, an ɗan saɓa tsayin muryarsu, an bi da su ta filta a buɗe kusan gaba ɗaya. Shi ke nan. Haƙorin zarto yana ɗauke da dukkan ƙananan muryoyin da ke hawa kan noti, ta biyu rabin ƙarfin ta farko, ta uku sulusi, haka har sama, shi ya sa yake da kaifi irin na ƙaho. Siffar Square kuwa masu mara kawai take da su, sai ta fito da rami a ciki kamar sarewa. Idan sautinka yana da wannan ramin, duba siffar da ka zaɓa kafin ka taɓa komai.

Wanda ya kasa samun sautin yakan ƙara osileta ta uku, ya ƙara sautin Strings (irin na goge) a ƙasa, ya cika koras. Kowane ƙari yana nisanta shi ne.

Fiyanona yana ba da damar gina sauti daga tushe. Daga ina zan fara?

Fara da sauti fanko, wanda ake kira Init, kada ka fara da na kamfani, domin na kamfani yana da saituna ɓoyayyu da za su riƙa yi maka katsalandan.

1. Osileta ta ɗaya da ta biyu duka Saw, a oktaf ɗaya, ƙara daidai wa daida. Kashe Noise, Sub da Sync.
2. Saɓa su: sauke ta ɗaya da senti 4, ɗaga ta biyu da senti 4 (senti kashi ɗaya ne cikin ɗari na tazarar maɓalli da maƙwabcinsa).
3. Filta Low Pass mai desibel 12. Resonance a sifili. Cutoff wajen kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari.
4. Ambulan na ƙara: Attack milisakan 0 zuwa 5, Sustain a cike, Release milisakan 150 zuwa 300.
5. Ambulan na filta: Attack milisakan 5 zuwa 15, Decay 400 zuwa 800, Sustain kashi 60 zuwa 70, Release kamar na ƙara ko sama kaɗan. Yawan tasirinsa a kan filta kashi 20 zuwa 30.
6. Key Track na filta daga rabi zuwa cikakke, don kada notocin sama su dushe.
7. Kashe Velocity a ƙara da filta, kashe LFO, Portamento da Unison.

Mataki na biyar shi ke ba da ɗan cizon da ake ji a bakin kowane kod, wato notocin da aka danna tare. Idan ka ja Attack ɗin filta ya wuce milisakan 40, sautin zai riƙa cewa "waa" kamar ƙaho na gaske. Wannan ma sauti ne mai kyau na Oberheim, amma na wata waƙar ne. Wanda muke nema yana faɗowa ne lokaci guda kamar mari.

Release ɗin ƙara kuma a kula da shi. In ya yi gajere, kod ɗin zai yanke kamar an rufe ƙofa. In ya wuce rabin sakan, wutsiyar wannan kod za ta shiga kan na gaba, su cakuɗe.

Saɓanin osileta nawa ya kamata? Nawa yana jin kamar fiyanon ya lalace.

Senti ɗari ke tsakanin maɓalli da maƙwabcinsa. Idan igiyoyi biyu suka saɓa kaɗan, sai su riƙa haɗuwa suna rabuwa, kunne ya ji kaɗawa. Ana iya lissafa ta. Notin A na tsakiya yana kan Hz 440, wato girgiza 440 a sakan. Idan ka ɗaga ɗaya da senti 10 ta koma kusan 442.5, za ka ji kaɗawa biyu da rabi a sakan. A senti 7 ba ta kai biyu ba. Kowace oktaf da ka hau, saurin yana ninkawa, shi ya sa saitin da ya yi daɗi a tsakiya yake zama kamar kukan sauro a sama.

Hanyar gwaji: riƙe A na tsakiya shi kaɗai, ka ƙirga. Kaɗawa ɗaya da rabi zuwa uku a sakan ita ce gonar. Jimillar saɓani senti 6 zuwa 12 ke nan. Daga 20 zuwa sama ka shiga sautin kiɗan rawa na shekarun 1990, wanda aka san Roland JP-8000 da shi.

A raba saɓanin gida biyu, ɗaya ƙasa ɗaya sama. Idan ka bar ta farko a sifili ka ɗaga ta biyu da senti 12, tsakiyar sautin ta hau da senti 6, kuma mai jita zai ji ba ku daidaita ba ko da bai san dalili ba.

Filtata mai desibel 24 ce kawai. Akwai matsala?

OB-Xa tana da duka biyun, amma hasken da aka san Oberheim da shi daga mai 12 yake zuwa. Lambar tana nufin yawan abin da filta ke zubarwa a kowace oktaf bayan inda aka saita ta. Mai 24 tana yanka da kaifi, sai saman sautin ya ɓace, ya yi duhu irin na sintisaizar kamfanin Moog. Maganin shi ne ka buɗe Cutoff zuwa kashi 80 ko 85, ka rage tasirin ambulan zuwa kamar kashi 15, sannan ka ƙara desibel biyu a EQ, mai ƙara ko rage sashen sauti, daga Hz 6,000 zuwa sama. A cikin ganguna da jita, da wuya wani ya gane bambancin. Kada ka nemi haske ta hanyar Resonance, hanci kawai za ta sa wa sautin.

Ni Yamaha PSR gare ni, irin na situdiyo da wuraren biki. Zai yiwu?

Zai yiwu, sai dai hanyar dabam ce. PSR ba ta da osileta da za ka saita. Naɗaɗɗun samfura take kunnawa, kuma abin da take ba ka shi ne ƙari ko ragi a kan abin da kamfani ya riga ya tsara. Don haka rabin aikin a zaɓen murya yake.

Shiga rukunin Brass ko Synth, ka nemo muryoyin ƙahon sintisaiza. Ka duba har cikin babban fayil na XG, inda akwai wadda aka sa wa suna JumpBrss saboda wannan waƙar. Gwada kowace da noti ɗaya dogo, ka kashe DSP (sashen ƙawata sauti) da koras tukuna. Wadda kake so ita ce mai tsayawa cak, ba ta rawa, ba ta kumbura a hankali. Duk wadda aka naɗe rawar murya a cikin samfurinta, ka wuce ta, domin babu saitin da zai cire.

Daga nan ka kunna Right 1 da Right 2. Kada ka sa murya iri ɗaya sak a duka biyun. Samfuri ɗaya idan aka kunna shi sau biyu, daga wuri guda suke farawa kowane lokaci, sai bakin kowane noti ya yi wata shewa kamar jirgi na wucewa. Sa ƙahon sintisaiza a Right 1, ka sa muryar Saw mai sauƙi a Right 2, ƙararta ƙasa da ta farko da maki 15 zuwa 20. Ka tabbatar ta biyun tana kan Poly, domin muryoyin Lead da yawa an saita su a Mono, noti ɗaya kawai za su ba ka cikin ukun da ka danna. Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa.

A shafin Tune, sauke Right 1 da maki 4, ɗaga Right 2 da maki 4, ka yi gwajin ƙirgan nan. A Voice Set, ko Voice Edit a sababbin SX, ƙara Brightness da maki 10 zuwa 20 daga tsakiya, rage Harmonic Content kaɗan, rage Attack har sai kod ya faɗo nan take, ka mayar da zurfin Vibrato ƙasa. Sai Touch Sense: Depth a sifili, sannan ka ɗaga Offset har ƙarar ta kai inda kake so. Yi wa muryoyin biyu haka. A Mixer, karkata ɗaya hagu kaɗan, ɗaya dama kaɗan.

In ka gama, adana kowace murya a User, sannan ka adana duka a Registration Memory ka kuma ajiye bankin. Wanda ya tsaya a danna Memory bai ajiye banki ba, da ya buɗe wani bankin aikinsa ya tafi.

Nawa ƙarami ne, babu shafin gyaran murya.

Idan yana da tambarin General MIDI, murya ta 63 da ta 64 ƙahonin sintisaiza ne, ta 82 haƙorin zarto, ta 91 kuma Polysynth. Haɗa 63 da 82 ta maɓallin Dual, ka kashe Touch. A tsarin GM2 na 1999 akwai Jump Brass a matsayin reshen murya ta 63.

Yawancin waɗannan ƙananan suna karɓar umarni daga kwamfuta ko da babu maɓallin a jikinsu. Lambar sarrafawa 74 haske ce, 71 Resonance, 73 Attack, 72 Release, 91 amon ɗaki, 93 koras. A huɗun farko 64 ce tsakiya. Aika 80 a lamba 74, 50 a lamba 73. Wasu na'urorin umarnin yana shafar abin da kwamfuta ke kunnawa ne kawai, ba abin da yatsunka ke dannawa ba. In haka ne, kashe Local Control, ka sa notocin su je kwamfuta su dawo.

Na bi komai, amma har yanzu bai yi kama da faifan ba.

Kafin ka koma kan saiti, dubi hannunka. A ganinmu fiye da rabin abin da mutane ke kira "sautin" a yatsu yake.

Waƙar tana kan C, gudunta kusan bugu 130 a minti. Hannun hagu yana riƙe C a ƙasa ba ya motsi, na dama yana yawo da kod masu noti uku a kansa: G, B, D, sannan G, C, E, sannan F, A, C. Lura da na tsakiyan. Ba C, E, G ba ne yadda ake koya wa ɗalibi, juyayye ne, G a ƙasa, E a sama. Kunne yana bin notin sama ne, D zuwa E zuwa C, kuma idan ka danna kod ɗin a miƙe, wannan layin ya rushe ko da OB-Xa ta gaske ce a gabanka. Sai can ƙarshen jimlar ne hannun hagu ke matsawa zuwa F da G.

Abu na biyu, kod da yawa suna faɗawa ne tsakanin bugu, ba a kan bugu ba. Na uku, tsayinsu: gajeru ne, akwai iska tsakaninsu, amma ba tsinke ba. Cire ƙafarka daga feda gaba ɗaya. Masu zuwa daga fiyanon gargajiya sukan taka ta ba tare da sun sani ba. Kada kuma ka ƙara noti na huɗu a dama don neman kauri; da haƙorin zarto, ƙarin noti laka yake kawowa.

Me ya sa ta asali take jin kamar tana numfashi, tawa kuma a sandare?

Muryoyin OB-Xa takwas allunan lantarki ne takwas dabam-dabam, babu biyu da suka yi daidai ɗari bisa ɗari. Wannan filtarta ta ɗan fi buɗewa, waccan ambulan ɗinta ya ɗan fi sauri. Na'urar tana raba notoci a tsakaninsu bi da bi, don haka kod ɗaya idan ka danna shi sau biyu, ba muryoyi ɗaya ne suka ɗauke shi ba. Ƙari a kan haka, osiletocin suna gudu ne ba tsayawa, noti yana kama su duk inda ya same su. Kuma kowace murya ana iya ajiye ta a nata gurbin tsakanin hagu da dama.

Ga yadda ake matsowa kusa. Idan akwai Osc Reset ko Phase Sync, kashe, ko ka sa Free. Idan akwai abin da ake kira Analog Feel a Roland, Slop ko Vintage a na'urorin Sequential, ko Random Pitch a wasu, ɗaga shi kaɗan, abin da bai wuce senti 2 zuwa 3 ba. Sa ɗan Random a kan Cutoff, kashi 2 ko 3. Don rarraba muryoyi, nemi Pan Spread, Alternate Pan ko Random Pan, ka tsaya a kashi 30 zuwa 40. A Yamaha MODX da Montage, kowane Element yana da nasa. Idan ka cika shi, notocin kod ɗaya za su watse, ɗaya can ɗaya nan, ƙarfin marin ya tafi.

Wane eko da koras zan sa?

Koras: idan kana da osileta biyu na gaske, ba ka bukata. Idan samfuri ɗaya kake da shi, sa kaɗan, gudun Hz 0.3 zuwa 0.6, cakuɗi kashi 15 zuwa 20. Amon ɗaki: Plate ko Hall, tsawon sakan 1.5 zuwa 2, Pre Delay milisakan 20 zuwa 30 don bakin kod ya fito kafin amon ya biyo, cakuɗi kashi 15. Eko mai maimaitawa ba dole ba ne. In kana so, a gudun 130 bugu ɗaya milisakan 462 ne, rabinsa 231, maimaici ɗaya tak, can ƙasa. A babban zaure mai siminti da rufin kwano, rage amon da rabi ko ka kashe, zauren zai yi nasa.

A hedifon yana da kauri, a lasifikar taro kuma ya zama siriri. Me ya faru?

An haɗe hagu da dama sun zama layi ɗaya. Koras da yawa suna samar da faɗi ne ta hanyar juya igiyar ɓangare guda, sai idan aka haɗe su, wani sashe ya cinye wani. Ko ka ba mai miksa waya biyu ya buɗe su hagu da dama, ko ka yi amfani da ramin L/Mono kaɗai ka gina sautin kana saurare ta nan tun farko. Na biyun ya fi aminci, domin kayan sauti na haya galibi layi ɗaya suke tafiya. Idan waya za ta yi nisa fiye da mita biyar ko shida zuwa miksa, bi da ita ta akwatin DI, in ba haka ba za ta kwaso gunjin lantarki.

Sai rabon fili. Idan akwai mai bes, yanke komai ƙasa da Hz 100 ko 120 daga fiyano, domin C ɗin hannun hagunka da tasa suna faɗa a wuri ɗaya. Rage desibel 2 zuwa 3 wajen Hz 300 zuwa 400 idan ya yi laka. Tsakanin Hz 2,000 da 4,000 nan jita mai ƙara take zaune. Idan ta rufe ka, ƙara desibel biyu a nan ya fi ɗaga ƙararka duka.

Wasu notoci suna ɓacewa idan na kunna salon ganguna.

Muryoyin na'urar sun ƙare. Noti uku a dama da biyu a hagu biyar ne, amma da Dual sun zama goma, kuma idan kowace murya samfuri biyu ce a ciki, ashirin. Wutsiyar kod da ya wuce tana riƙe da wasu ashirin ɗin na ɗan lokaci. A fiyano mai muryoyi 32 ko 48, salon ganguna bai sami wurin zama ba. Rage Release, kashe sassan salon da ba ka bukata ka bar ganguna da bes, ka danna noti ɗaya a hagu maimakon biyu.

Yamaha DX7 ko wata mai tsarin FM fa?

DX7 ta 1983 ba ta da filta, ba ta da haƙorin zarto. A tsarin FM wata igiyar sauti ce ke sauya saurin wata. Ana kusantar haƙorin zarto ne da jera ofareto, wato ƙananan osiletocinta, a kan rabo ɗaya da ɗaya, a ɗaga Feedback zuwa 6 ko 7, sannan a yi amfani da ƙarfin ofareto na sama a madadin Cutoff. Zaɓi tsarin da ke da jeri biyu, ka saɓa su da Detune. Matsalar ita ce Feedback ɗaya ne a kowane sauti, don haka jeri ɗaya zai fi ɗayan kaifi. Za ka sami ƙaho mai kyau, mai ɗan ƙarfe-ƙarfe. Idan na'urarka tana da FM da samfura duka, kamar MODX, bi ta samfuran Saw, ya fi sauri.

Da kwamfuta fa?

Nan ne hanya mafi kusa, kuma mafi arha. OB-Xd ta discoDSP an gina ta ne a kan tsarin Oberheim, har da maɓallan bambanta muryoyi da rarraba su. Arturia da GForce da Synapse Audio duk suna da nasu na kuɗi. Surge XT kyauta ce, kuma matakan nan bakwai suna aiki a cikinta. Fiyanonka zai zama maɓallai kawai ta wayar USB.

Abin lura shi ne jinkiri tsakanin dannawa da jin sauti. Buffer (guntun sautin da kwamfuta ke tarawa kafin ta fitar) na 128 a kan Hz 44,100 kusan milisakan 3 ne, na 1,024 kuwa 23, wanda ya isa ya ɓata kiɗa mai faɗawa tsakanin bugu. A Windows yi amfani da direban ASIO na katin sautinka.

Ba zan iya naɗo sautin in loda shi a fiyano ba?

Daga faifan waƙar, a'a: kod ne cikakku da amon situdiyo a jikinsu, ga kuma haƙƙin mallaka. Amma kana iya gina shi a kwamfuta ka naɗe noti ɗaya-ɗaya. Ɗauki noti ɗaya a kowane maɓalli uku ko huɗu, sakan huɗu zuwa biyar, ba tare da amo ba. Idan ka miƙa samfuri ɗaya a kan oktaf biyu, kaɗawar za ta yi gudu a sama ta yi ja a ƙasa fiye da kima. Dabara mafi kyau ita ce naɗe osileta ɗaya tilo, wadda ke da sauƙin maimaitawa ba tare da ƙwas ba, ka loda ta a gurbi biyu ka saɓa su a cikin fiyano, ka ɗan jinkirta farkon ɗaya. A PSR, da manhajar kwamfuta mai suna Yamaha Expansion Manager ake shigar da su.

Kula da adadin naɗi. Abin da aka naɗa a Hz 44,100 idan na'ura ta karanta shi a Hz 48,000, zai hau da kusan senti 147, maɓalli ɗaya da rabi, inda babu Transpose da zai daidaita shi.

Ya dace in nemi OB-Xa ta asali?

Don wannan sautin kaɗai, ba mu ba da shawara ba. Na'ura ce da ta haura shekara arba'in, tana da tsada, kuma mai gyaranta ba ko'ina ake samu ba. Tana bukatar minti 15 zuwa 20 ta ɗumama kafin a danna Auto ta daidaita muryoyinta, zafi kuma yana sake karkatar da su. Batirin da ke riƙe sautukanta yana mutuwa. Wadda aka shigo da ita daga Amurka an saita ta ne a kan wuta mai bolt 120, alhali ta Nijeriya da Nijar 220 zuwa 230 ce. A duba wannan kafin a jona, kuma kada a haɗa ta da janareto ba tare da sitabilaiza ba. Mai son analog na gaske yana da sababbi: OB-6 ta 2016, OB-X8 ta 2022, da UB-Xa ta Behringer.

Wannan saitin zai yi mini sauran waƙoƙin rok na zamanin?

Tushe ne mai kyau, amma kowace da nata. Ƙahon "The Final Countdown" na ƙungiyar Europe, 1986, haɗin Roland JX-8P ne da Yamaha TX816, wato analog da FM a kan juna. Ja Attack ɗin filta zuwa milisakan 40 ko 60, ka ɗora siririn ƙahon FM a sama, ka ƙara amo sosai. Gurnanin farkon "Tom Sawyer" na Rush, 1981, daga OB-X ne, kuma shi kishiyar namu ne: noti ɗaya a ƙasa, Resonance a sama, filta tana rufewa a hankali cikin sakanni.

Yaya zan gwada nawa da na faifan ba tare da na ruɗi kaina ba?

Sakannin farko na waƙar sintisaiza ce ita kaɗai kafin ganguna su shigo, su za ka yanko ka sa suna maimaituwa. Naɗi naka, ka ajiye a layi na biyu, ka daidaita ƙararsu da mita, domin duk wanda ya fi ƙara ko da desibel ɗaya ne kunne zai ce ya fi kyau. Fara da tabbatar da tsayin muryarku ɗaya ne. In akwai ɗan bambanci, gyara a Master Tune. Sannan ka saurari abu ɗaya a kowane zagaye, a wannan jerin: haske, bakin kod, saurin kaɗawa, tsawon wutsiya, faɗi, amo a ƙarshe. Canza saiti ɗaya, adana da sabuwar lamba, sake naɗa. Bayan minti ashirin ka tashi ka huta, domin haƙorin zarto yana gajiyar da kunne, gajiyayyen kunne kuma ƙarin haske yake nema. Washegari ka saurari na jiya a lasifikar waya da ta mota. Idan ya yi tsini a can, rage Cutoff da maki uku zuwa biyar.